Kafin ka ba da lensinka a musaya

Tambayar da ta fi zo mini daga samarin da ke ɗaukar hoto a nan Katsina guda ɗaya ce, riga kawai take sakewa. Wani zai ce yana da ƙaramar Canon da lensi uku, 18-55mm da ya zo tare da kyamarar, da 55-250mm, da 50mm. Ya gaji da jigilarsu, yana so ya tattara su ya kai wa mai shago a ba shi 18-135mm guda ɗaya ya huta. Wani kuma ya sha kallon bidiyo a YouTube, ya ji Turawa suna cewa hoton fili da daji sai da lensi mai faɗi, shi ke nan ya ƙudurta zai saki dogon lensinsa, ya yi ciko ya karɓi 10-18mm.

Na farkon nakan ce masa ya je ya yi a wasu lokuta, bayan na sa ya cire 50mm daga lissafin. Na biyun kuwa kusan kullum cewa nake ya dakata. Masu waɗannan bidiyoyi a gindin manyan duwatsu da bakin teku suke ɗaukar hotunansu. Mu ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma a irin wannan ƙasa dogon lensi ya fi mai faɗi fito da kyawun wuri. Zan zo kan wannan, amma akwai aikin da ya kamata ka yi tun kafin ka tambayi kowa farashi.

Hotunanka za ka fara tambaya

Duk hoton da ka ɗauka, kyamara ta rubuta a jikinsa milimita nawa lensin yake lokacin da ka danna, wato lambar mm: ƙaramar lamba faɗi take ɗauka, babba kuma kusanto da abin nesa take yi. A kan wasu kyamarorin, buɗe hoton ka latsa maɓallin bayani. A kwamfuta kuma, danna hoton da ɓangaren dama na linzami, ka shiga Properties sannan Details, za ka ga lambar. Mai aiki da manhajar gyaran hoto ta Lightroom ya fi kowa samun sauƙi, don yana iya tace hotunan shekara guda bisa lensin da ya ɗauke su.

Kada ka ƙirga duk abin da ke cikin kati. Zaɓi hotunan tafiya da na fili waɗanda kai kanka kake alfahari da su, irin waɗanda ka tura wa mutane ko ka wanke ka rataya, kamar guda hamsin. Samu takarda ka ja layi huɗu: 18 zuwa 24, 25 zuwa 55, 56 zuwa 135, sai abin da ya haura 135. Kowane hoto ka sa masa ɗigo a gidansa.

Abin da takardar za ta nuna maka yakan saɓa da abin da ke ranka. Idan ɗigon ya taru a gida na huɗu, to 18-135mm zai yanke maka hannu, komai daɗin ɗaukarsa. Idan gida na huɗu kusan fanko ne, dogon lensin nan kaya ne kawai kake dako, ba da shi ba asara ba ce. Sai dai a kula da gida na farko. Mutum yakan murɗa zum, zoben da ke kusanto ko nisanta abu, har ƙarshe ba don yana bukata ba, sai don nan ne ƙarfen ya tsaya. Ka tambayi kanka a kan kowane hoto na 18mm: na ja da baya har bayana ya taɓa bango amma abin bai shiga ba, ko kuwa ƙyuyar matsawa kusa ce ta hana ni? Na farkon ne kawai hujjar sayen mai faɗi.

Sai maganar lambobin su kansu, don a nan ake rikita mutane. Yawancin kyamarorin da ke hannunmu, irin su Canon 600D da 700D da 80D, ko Nikon D3300 da D5300 da D7100, masu ƙaramar sensa ne, wato farantin da ke kama hoton a cikin kyamara. In kana so ka kwatanta da abin da mai babbar sensa yake gani, ninka lambar lensin da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon. Ke nan 18mm ɗinka daidai yake da kusan 29mm a Canon, 27mm a Nikon. 50mm ya zama 80mm ko 75mm. 250mm a Canon ya zama 400mm, tsawon da masu babbar sensa suke zuba kuɗi masu yawa kafin su samu. Idan ka ji wani yana yabon 16-35mm don hoton fili, maganar babbar sensa yake yi. A taka kyamarar, 10-18mm na Canon ko 10-20mm na Nikon ne ke ba da wannan faɗin.

Abin da ƙasarmu take so

Ka kama hanyar Daura daga Katsina, tafiyar kilomita tamanin ko kusa da haka, ka tsaya a gefen titi bayan an yi girbi. Me ke gabanka? Gona ta miƙe har inda ido ya ƙare, ga kututturen gero, ga gawo nan da can, can nesa ga kuka guda ɗaya da rumbuna uku a gindinta. Idonka ya ga kyau don shi ido zaɓe yake yi, kukar da rumbunan kawai yake kallo. Ka sa 10mm ka danna. Rabin hoton sama ce fara fat, rabi yashi, kukar ta koma ɗan ɗigo a tsakiya. Aikin lensi mai faɗi ke nan: yana kumbura abin da ke kusa, yana ƙanƙantar da abin da ke nesa. In babu wani abu mai jan ido taku biyu ko uku daga ƙafarka, dutse ko tulu ko saiwar itace, babu abin da zai ba ka sai fanko.

Yanzu sa 200mm daga wannan wurin da kake tsaye. Kukar ta cika hoton, rumbunan sun fito da jinkarsu, itatuwan da ke bayanta sun matso kamar a jere aka dasa su, in kuma Allah ya kawo mai amalanke ko garken shanu ta wajen, ka samu hoton da za ka rataya. Gawo kuwa da rani yake fitar da ganye, da damina ya kaɗe, saboda haka a watannin da komai ya bushe shi ne koren da ya rage a fili. Dogon lensi ne ke ba ka damar ware shi shi kaɗai a kan jar ƙasa.

Haka faɗuwar rana. Girman ƙwallon rana a kan sensa yana da lissafi: tsawon lensin a raba shi da 110 ko kusa da haka. A 18mm bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. A 250mm ya haura milimita biyu, a kan sensar da tsayinta bai wuce milimita goma sha biyar ba. Duk hoton nan da kake gani na jar rana ƙatuwa tana faɗawa bayan giginya, babu wanda aka ɗauka da mai faɗi. Amma don Allah kada ka leƙa rana ta madubin kyamara da dogon lensi. Yi amfani da allon baya, shi ma sai ta yi ƙasa sosai ta yi ja.

Dogon lensi yana da abokan gaba biyu a nan, kuma gara ka san su. Na farko hazo. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, duk abin da ya yi nisa sai ƙura ta shiga tsakaninka da shi, launi ya kwanta, hoton ya yi fari-fari. Babu lensin da ke maganin wannan komai tsadarsa, kuma filtar nan mai kashe ƙyalli, wadda take zurfafa shuɗin sama da damina, ba ta yin wani tasiri a kan ƙura. Ni ban ɗauki hazo a matsayin cikas ba. A wurin da ke da duwatsu, irin na wajen Dutsinma, shi ne ke jera su hawa-hawa, na kusa baƙi, na bayansa toka-toka, na can ƙarshe kamar hayaƙi. Wannan ma 135mm zuwa sama ne ke kama shi. Na biyu zafi. A Maris da Afrilu, da rana ta take, iskar da ke tashi daga ƙasa tana sa duk abin da ke nesa ya yi ta rawa, hoton 250mm ya fito kamar an shafa masa mai. Mutane da yawa sun sayar da lafiyayyen lensi a kan wannan, suna zaton lalacewa ya yi. Fita bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar, ka sake gwadawa kafin ka yanke masa hukunci.

Ga kuma hawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar Hawan Sallah, ko ya bi Hawan Bariki washegari, ko ya je Daura Hawan Magajiya ko Sallar Gani, ya san ba a matsawa kusa da dawaki. Jama'a ta cika, dogarai suna kora, inda ka samu ka tsaya nan za ka wuni. Rawani da lifidi da fuskar mai algaita, daga nesa za ka ɗauko su. Da yake rana ce tsaka, 55-250mm ko 70-300mm mai f/5.6 ya wadatar (lambar f ita ce girman ƙofar hasken lensi, ƙaramar lamba babbar buɗewa), ka sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa don sukuwa. Idan ka ba da wannan lensin a watan Rajab, za ka neme shi ranar ɗaya ga Shawwal.

Mai faɗi yana da ranarsa, ban ce ba shi da ita ba. A watan Agusta, lokacin da hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin a kan koren gero, sama ce hoton gaba ɗaya, kuma 10mm ne zai kwashe ta. A bakin ruwa, kamar madatsar Ajiwa ko ta Sabke, in ka samu kwalekwale ko dutse ka durƙusa a gabansa, ya yi aiki. Amma inda ya fi amfani shi ne cikin gari. Hasumiyar Gobarau tsayinta kamar mita goma sha biyar ne, gine-gine sun kewaye ta, ba ka da filin ja da baya yadda kake so. Rijiyar Kusugu a cikin gini take, wuri ya matse, haske kaɗan. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, da zaurukan da aka yi wa ɗaurin guga, duk suna son faɗi. Sai dai ka sani da zarar ka ɗaga kan kyamara sama da irin wannan lensin, ginin zai yi kamar zai kife ta baya. Riƙe ta a miƙe, ka bar ƙasa ta shigo da yawa, daga baya ka yanke.

Kafin ka kashe kuɗi a kan wannan, gwada hanyoyi biyu da ba sa cin ko kwabo. Juya kyamarar a tsaye a 18mm, ka ɗauki hoto huɗu ko biyar daga hagu zuwa dama, kowanne ya hau kan na bayansa da kamar kashi ɗaya cikin uku, ka haɗe su a kwamfuta. Ga gini da fili wannan yana yi sarai, sai in akwai mutane masu motsi. Hanya ta biyu tana aljihunka. Wayoyi da yawa yanzu suna da ido mai faɗi, wanda ake rubuta wa 0.5, kuma faɗinsa yakan kai ko ya wuce na 10mm a ƙaramar sensa. Da rana hotonsa ba laifi. Abin da waya ba ta iya yi da kyau har yanzu shi ne aikin 250mm. To me zai sa ka ba da abin da wayarka ba ta iyawa don ka karɓi abin da take iyawa?

Nauyi da ƙura

Masu son haɗe lensi biyu su koma ɗaya sukan ce nauyi ne ya dame su. Mu auna. Canon 18-55mm giram 200 ne da ɗan kai. 55-250mm STM giram 375. Jimla bai kai 600 ba. 18-135mm shi kaɗai yana wajen giram 500, haka 18-140mm na Nikon giram 490. Ragin da ka samu bai kai nauyin wayarka ba. Maganar nauyi tana da ƙarfi ne kawai ga mai 70-200mm f/2.8, wanda ya kusa kilo ɗaya da rabi. Wannan kam, in ba biki kake ɗauka da shi ba, musayarsa da 70-200mm f/4 mai kusan rabin nauyinsa ciniki ne mai kyau, domin hoton fili a f/8 ko f/11 ake ɗaukarsa, buɗewar f/2.8 da ka biya kuɗinta tana zaune ba aiki. Ƙari a kan haka, ƙaton farin lensi yana tara maka ido a tasha da kasuwa, yana jawo tambayoyi a shingen jami'an tsaro. Tun da maganar ta zo nan: kada ka ɗaga kyamara a shinge, kuma kafin ka nufi wani ƙauye, musamman ta yammacin jihar, tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki a wannan makon.

Hujjar gaskiya ta lensi guda ita ce ƙura. Duk sanda ka kwance lensi a fili da hunturu, ka buɗe wa ƙura ƙofa zuwa sensa. Ba za ka gan ta a hoton biki ba, amma ka ɗauki sama a f/11 ko f/16, sai ga ɗige-ɗige sun fito. In kana so ka san halin da taka sensar take ciki, sa f/22 ka ɗauki farin bango ko sama, ka buɗe hoton da girma. Wanda yake yawo a babur daga wannan kasuwa zuwa waccan, yau Mai'adua gobe Charanchi, yana son ya ɗauki raƙumi daga nesa, nan take kuma ya juya ya ɗauki rumfar mai goro, shi 18-135mm ko 18-140mm aka yi dominsa. Hoton da zai kuɓuce masa yana kiciniyar canja lensi ya fi wanda zai rasa tsakanin 135 da 250 yawa.

In ka zaɓi zama da biyu, koyi canji da sauri. Kashe kyamarar, ba iska baya ko ka shiga mota, kwance murfin bayan wanda za ka ɗaura tun kafin ka taɓa na kan kyamarar, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. Ka riƙa yawo da robar nan mai hura iska. Kada ka hura da baki, kada ka goge da bakin riga.

Akwai masu cewa to me zai hana a sayi wanda ya haɗe komai, irin Tamron 18-400mm da ya fito a 2017. Yana aiki, kuma na ga hotuna masu kyau da aka ɗauka da shi. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A can ƙarshensa f/6.3 ne, kaifin hoton yana raguwa, gefuna suna laushi, nauyinsa ya haura giram 700, kuma duk miƙewa da komawar da yake yi iska yake zuƙa. In hotonka a WhatsApp da Facebook zai ƙare, inda ake matse shi kafin kowa ya gani, ba mai lura da bambancin. In kana wankewa da girma kana sayar wa ofisoshi da otal, za ka lura.

50mm f/1.8 kuwa, ka cire shi daga kowace irin musaya. Giram 160 ne na Canon STM, aljihu ma ya ishe shi. Hasken da yake shigarwa a f/1.8 ya kusa ninki goma na abin da 18-55mm ke shigarwa a f/5.6. Shi ne zai yi maka aiki a zaure, da bayan magariba a wurin masu shayi da tsire, kuma shi ne ke ɗaukar amarya ranar kamu a ɗakin da babu wuta. Mai shago ba zai ba ka wani abin kirki a kansa ba, don sun yi yawa a kasuwa. Wannan ƙa'idar ta hau kan duk lensin da ke kawo maka kuɗin cefane. Hoton daji sha'awa ce ga yawancinmu, biki da suna ne sana'a.

Zai hau kyamararka?

Wannan gajeren bincike ne, amma a nan kuɗi suka fi salwanta. Lensin Canon mai rubutun EF-S ba ya hawa kyamara mai babbar sensa irin 6D ko 5D. In kana da niyyar komawa can nan da shekara guda, kada ka tara EF-S. A Nikon, jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita kaifin hoto a jikinsu, saboda haka tsofaffin lensi masu harafin D, kamar 50mm f/1.8D, za su hau amma da hannu za ka riƙa saitawa. Nemi mai rubutun AF-S. Sababbin masu rubutun AF-P kuma, ciki har da 10-20mm ɗin da na ambata, ba sa aiki da tsofaffin kyamarori irin D90 da D3100 da D3200 da D5100 da D7000. Tun 2018 da Canon ta fito da tsarin RF, Nikon ta fito da Z, sababbin lensi can suka karkata. Tsofaffin suna hawa sababbin kyamarori ta hanyar adafta, amma na RF da Z ba sa dawowa kan tsofaffin kyamarori.

Duba ko wanda za ka karɓa yana da na'urar hana rawar hannu, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron VC. A 250mm babu ita, sai ka sa saurin ɗauka a 1/400 ko fiye kafin hoto ya tsaya. Da ita kana iya sauka har wajen 1/60 in abin da kake ɗauka ba ya motsi. Shi ya sa in aka ce ka ba da 55-250mm IS ka karɓi 75-300mm na Canon wanda ba shi da ita, wai don ya fi tsawo, ka ce a'a. Baya ka koma. Sai bakin filta: 18-55mm da 55-250mm na Canon duka 58mm ne, filta ɗaya ta ishe su, amma 18-135mm da 10-18mm 67mm ne. Kuɗin sabuwar filta yana cikin cikon da za ka yi, ko da mai shago bai faɗa ba.

Ranar ciniki

In da hali, ari irin lensin da kake so daga abokin sana'a, ko ka ba shi naka ya ba ka nasa na ƙarshen mako, ka fita da shi inda ka saba zuwa. In babu wanda zai ara maka, akwai gwajin da za ka yi da abin da ke hannunka. Mai tunanin komawa 18-135mm ya ɗaure zum ɗin dogon lensinsa da salatif a 135, ya yi fita biyu ko uku haka, ya ga sau nawa hannunsa zai nemi wucewa.

A musaya sau biyu ake cin riba a kanka: a sayi naka da araha, a sayar maka da nasu da tsada, kuma duka biyun a ɓoye suke cikin kalma ɗaya, ciko. Ba zalunci ba ne, kasuwa ce, shi ma haya yake biya. Amma raba cinikin gida biyu. Ka ce masa, "Alhaji, a bar maganar musaya tukuna. Wannan nawa za ka saye shi, kuɗi hannu? Wancan kuma nawa za ka sayar mini?" Zai ce, "Haba Malam, ai duk ɗaya ne." Ka ce ka ji, amma a faɗa maka. Da lambobin nan biyu za ka san ko ya fi maka ka sayar wa wani mai hoto kai tsaye, wanda yawanci ya fi mai shago saye da daraja, sai dai ka yi haƙurin jira. Ka kuma tuna tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan kyamara suka yi tashin da ba su dawo ba. Abin da ka saki yau, in ka yi nadama, da wuya ka maido shi a kuɗin da ka sayar. Kuma kada ka yi musaya ana saura kwana uku Sallah ko tafiya, lokacin kowa na nema, kai kuma ba ka da sararin gwaji.

Je da kyamararka da katinka. Cire murfi biyun, ka haska fitilar waya ta baya a karkace, ka leƙa ta gaba. Ƴan ƙwayoyin ƙura ba komai ba ne, babu lensin hannu da ba shi da su. Abin gudu shi ne zare-zare masu rassa a jikin gilashin, wato funfuna, wadda ta fi kama kayan da suka zauna a wuri mai laima kamar Legas, da kuma wani hazo-hazo da ya lulluɓe gilashin ciki. Kayan da suka daɗe a nan Arewa kuma tasu cutar yashi ce: murɗa zoben zum da na saiti a hankali kusa da kunnenka, in ka ji ƙaras-ƙaras, ka san ya sha ƙasa. Ƙarcewa a gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Ɗaura shi ka ɗauki hoto a farkon zum, da tsakiya, da ƙarshe, kowanne a buɗe gaba ɗaya sannan a f/11. Dalilin f/11 shi ne akwai wata siririyar waya a cikin lensi da takan karye da tsufa, sai ya yi aiki lafiya a buɗe, da ka rage ƙofar hasken Canon ta rubuta maka Err 01. Wani lokaci dattin ƴan ƙarafunan baya ne kawai, a goge ya wuce. In an goge bai wuce ba, ajiye shi. Fita waje ka sami bangon bulo, ka tsaya daidai gabansa ka ɗauka, ka buɗe kusurwa huɗun da girma. In ɗaya ta fi sauran dushewa sosai, lensin ya taɓa faɗuwa, kuma a hoton fili wannan ba ya ɓuya. Latsa maɓallin ɗauka rabi a ƙarshen zum ka ga ko hoton ya natsu, don ka tabbata na'urar hana rawa tana da rai. Saita kan abu na kusa, ka koma na nesa, ka dawo, sau da yawa, ka ji ko yana inda-inda.

In daga Kano ko Abuja ko Legas za a saka maka shi a mota, kada ka tura naka lensin da kuɗin ciko gaba ɗaya ga wanda ba ka sani ba. Nemi wani naka a garin ya je ya yi wannan gwajin, ko a yi kiran bidiyo kana kallo, a nuna maka lambar jikin lensin.

Lambar nan a rubuta ta a rasit, ta wanda ka bayar da ta wanda ka karɓa, da kwanan wata da adadin ciko, a gaban shaida. Kayan sata suna yawo a wannan harka, takardar ce za ta fitar da kai in wani ya zo ya ce nasa ne. A rubuta kuma cewa kana da kwana uku ka dawo da shi in wani aibi ya bayyana, kuma naka ba za a sayar ba sai kwanakin sun cika. In ya ce uku sun yi yawa, nemi kwana ɗaya, wanda zai ishe ka fita da asuba da kuma la'asar ka duba hotunan a kwamfuta. In wannan ma ya ƙi, mayar da lensinka jaka ka yi masa sallama.